Mutunci da Idon Jama'a a Ƙagaggun Labaran Hausa: Daga Gasar 1933 Zuwa Zamanin Masana'antun Kano

1.0 Gabatarwa

Daga cikin jigogin da ɗaliban adabi suka fi ɗauka a kundayensu na neman digiri akwai jigon mutunci, watau yadda tauraron labari yake ganin ƙimar kansa, da kuma yadda jama'arsa suke auna shi da abin da suke tsammani daga gare shi. Wanda ya saba duba irin waɗannan kundaye zai lura cewa gabatarwarsu kusan ƙira ɗaya ce. Akan fara da cewa adabi madubin rayuwar al'umma ne, sa'an nan a kawo ma'anar mutunci daga ƙamus, a rufe da cewa Bahaushe mutum ne mai kunya da kawaici. Babu ƙarya a cikin wannan, amma mai karatu yakan gama shafukan bai san wane Bahaushe ake nufi ba, na wane gari, na wane zamani. Ta haka sai jigon ya zama kamar wani abu ne da ya sauko cikakke, bai taɓa sauya kama ba tun daga Ruwan Bagaja har zuwa littattafan da ake karantawa a wayar hannu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa jigon yana da tarihi, kuma tarihin nasa ya bi sawun hanyoyin da mutane suke neman abinci da girma. Za mu ɗauki Kano a matsayin misali, musamman zamanin da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka bunƙasa sa'an nan suka durƙushe, domin a cikin waɗannan shekaru ne ma'aunin da ake auna mutum da shi ya fi girgiza, kuma a cikinsu ne ƙagaggun labarai suka yawaita fiye da kowane lokaci a baya. A ƙarshe za mu koma ga abin da wannan tarihi yake wajabta wa mai rubuta gabatarwa a kan jigon.

2.0 Kalmomin da Ake Aiki da Su

Tilas ne a fara da harshe, domin a nan ne kuskure yake fara shiga. Yawancin ra'ayoyin da ɗalibai suke ara a kan ganin ƙimar kai sun fito ne daga masana halayyar ɗan Adam na Amurka. William James, a littafinsa na 1890, ya ce gwargwadon yadda mutum yake ganin ƙimar kansa shi ne gwargwadon nasarar da ya samu in an auna ta da burin da ya ɗaukar wa kansa. Morris Rosenberg kuwa a 1965 ya tsara tambayoyi goma da ake yi wa mutum don a gane yadda yake ji game da kansa. A wurin waɗannan masana, abin da ake aunawa yana cikin ƙirjin mutum, shi ne kuma mai ba da shaida a kansa.

Kalmar mutunci ba ta tafi a kan wannan hanya ba. In muka duba aikatau da take tafiya da su za mu ga ana cin mutuncin mutum, ana zubar masa da shi, ana keta shi, ana ganinsa, ana kare shi. Mutunci ke nan abu ne na mutum wanda ajiyarsa take hannun jama'a. Shi ya sa Hausawa sukan ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Anthony Kirk-Greene, a laccarsa mai suna Mutumin Kirki wadda aka buga a 1974, ya lissafa halaye goma da Bahaushe yake auna nagarta da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Kusan dukkansu a cikin mu'amala ake ganin su, kuma wasu ne suke shaidar mutum da su.

In kuwa aka juya ga kalmomin da suke nuna yadda mutum yake ganin kansa da kansa, sai a tarar yawancinsu na zargi ne: girman kai, ji da kai, ɗagawa, fankama. Kalma ɗaya ce ta kuɓuta daga wannan zargi, ita ce zuciya. Akan yabi mutum da cewa yana da zuciya, watau ba ya yarda da wulakanci kuma ba ya zaman jiran a ba shi. Akan kushe wani da cewa zuciyarsa ta mutu. Saboda haka, a wannan nazari za mu riƙe kalmomi biyu: mutunci, wanda jama'a suke bayarwa, da zuciya, wadda mutum yake ɗauke da ita. Abin da ƙagaggun labarai suka yi ta juyawa shi ne abin da yake aukuwa sa'ad da waɗannan biyu suka saɓa.

Akwai kuma batun ma'aunin kansa. M. G. Smith, a nazarinsa na 1959 a kan matakan daraja a ƙasar Hausa, ya bambanta sana'ar da mutum ya gada, watau karda, da wadda ya shiga da kansa, watau shigege, ya kuma nuna cewa ta gado ta fi kwarjini a idon jama'a. Jerome Barkow, wanda ya yi bincike a Maraɗi, ya buga nazari a 1975 a kan hanyoyin da mutanen garin suke bi su sami girma da ƙimar kai. Abin da za mu ɗauka daga ayyukan nan biyu shi ne cewa hanyoyin girma suna da yawa, akwai sarauta da malanta da dukiya, daga baya kuma ilmin boko, kuma nauyin kowace yana hawa yana sauka da zamani.

3.0 Labaran Gasar 1933

Ƙagaggen labari na boko ya samo tushe ne daga gasar da Dokta R. M. East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933. Daga ita aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sa'an nan da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East.

A Ruwan Bagaja, abin da ya fitar da Alhaji Imam daga gida shi ne wulakancin da aka yi wa limamin gari, mijin mahaifiyarsa, a fada, sa'ad da ya ambaci ruwan da zai warkar da ɗan sarki aka mai da maganarsa abin dariya. Duk yawon da tauraron ya yi, da dabarun da ya ƙulla wa Malam Zurƙe, ƙarshensu shi ne ya komo da ruwan, a tabbatar da maganar liman a gaban waɗanda suka ƙaryata shi. A fada aka zubar da mutuncin, a fada kuma aka mai da shi. Zuciyar tauraro da bukatar jama'a sun tafi tare, domin abin da yake nema shi ne jama'a su sake ganin girman gidansu.

A Shaihu Umar kuwa, yaron da aka sace aka sayar, aka kai shi ƙasar Masar, ya tashi a hannun Balarabe Abdulkarim, ya zama malamin da ɗalibai suke zuwa wurinsa daga nesa. Bauta ta raba shi da asali da dangi, ilmin addini da haƙuri suka ba shi matsayin da ya fi wanda ya rasa. A nan ma babu jayayya da ma'aunin jama'a. Labarin yana tabbatar da cewa malanta hanya ce ta girma wadda ba ta tambayar asali.

Jiki Magayi ne ya fita daban. Abubakar yana son Zainabu, attajiri Malam Shaihu ya zo da dukiya ya rinjayi iyayenta, aka ba shi ita. Abubakar ya ƙi haƙura, ya bar gida yana neman abin da zai rama da shi, ramuwar kuma ta faɗa kan ɗan da aka haifa, ta rusa gidan duka. Wannan shi ne karo na farko da zuben Hausa na boko ya sa talaka mai zuciya gaba da gaba da mai dukiya a kan mace. Sai dai hukuncin da labarin ya yanke mai tsanani ne ga ɓangarorin biyu: dukiyar da ta ci mutunci ta jawo bala'i, zuciyar da ta ƙi haƙuri kuma ta zama dafi. Ya kamata a riƙe wannan zubi, domin zai sake ɓullowa a Kano bayan shekara kusan sittin da hukunci na daban.

4.0 Kano ta Masana'antu

Kafin a ci gaba da labarai, sai an dubi garin da masu karatunsu suka tashi a ciki. Bompai ita ce tsohuwar unguwar masana'antu a Kano, ta fara tun kafin samun mulkin kai, yawanci da jarin Turawa da 'yan asalin Labanan. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuɗin man fetur kuma suka shigo a shekarun 1970, sai aka buɗe Sharaɗa da Challawa. Ana saƙa yadi, ana jeme fatu, ana matse man gyaɗa, ana yin robobi da kwanonin sha da alewa da turare, ana harhaɗa kekuna. Dokokin mallaka wa 'yan ƙasa hannun jari na 1972 da 1977 suka shigar da attajiran Kano cikin mallakar kamfanoni. A lokacin, in an cire Legas, babu garin da ya kai Kano yawan masana'antu a Nijeriya.

A daidai wannan lokaci ƙauye yana korar mutanensa. Farin 1972 zuwa 1974 ya ci amfanin gona da dabbobi, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage na dalar gyaɗa. Samari suka kwararo birni, suka cika unguwannin da suke kewaye da Bompai, irin su Tudun Wada da Gwagwarwa da Dakata. Ta gabas kuma, a kan hanyar Maiduguri, Hotoro wadda a da ƙauye ce a bayan gari ta shige cikin birni, ga ma'ajiyar man fetur da jerin tankoki, ga gidajen manyan ma'aikata da 'yan kasuwa, ga kuma gidajen haya na masu ƙaramin ƙarfi ba nesa da su ba. A irin waɗannan sababbin unguwanni maƙwabci bai san kakan maƙwabcinsa ba. Bambancin karda da shigege ya yi rauni, abin da ido yake gani, watau gida da mota da sutura, ya ƙara nauyi.

Paul Lubeck, wanda ya yi bincike a cikin ma'aikatan masana'antun Kano tun farkon shekarun 1970 ya kuma buga littafinsa a 1986, ya nuna abubuwa biyu da suka shafi jigonmu kai tsaye. Na farko, da yawa daga cikin leburorin tsofaffin almajirai ne, kuma da ma'aunin makarantar allo suke auna shugabanninsu na wurin aiki, har batun ba su lokacin salla yana cikin abubuwan da suke jayayya a kai, ban da batun albashi da ya jawo yajin aikin 1971 a kan ƙarin Adebo. Na biyu, burin yawancinsu shi ne su tara jari su bar kamfani su kama kasuwanci. Aikin albashi a ƙarƙashin wani yana kama da barantaka a idonsu. Cikar mutum ita ce ya ci gashin kansa. Masana'anta ke nan ta ba saurayi kuɗin da zai yi aure ba tare da jiran gonar ubansa ba, amma ba ta ba shi matsayin da zai tsaya a kai a gaban surukai ba.

Wani abu kuma da ya sauya garin shi ne karatu. Shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa ya fara a 1976, gwamnatin Abubakar Rimi kuma ta kafa Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano a 1980. Cikin shekara goma aka sami ɗimbin matasa da matan aure masu iya karanta Hausar boko, waɗanda littattafan da suke hannu ba su yi magana a kan rayuwarsu ba.

5.0 Daga Kitsen Rogo Zuwa Turmin Danya

Littafin farko da ya fuskanci wannan sauyi sosai shi ne Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, 1978. Saurayi ya raina zaman ƙauye, ya tafi birni neman abin duniya, ya faɗa cikin miyagun abokai, ya ga cewa abin da ya hango ba haka yake ba. Sunan littafin ma ya riga ya yanke hukunci. Zuciyar da ta fitar da shi ruɗi ce, magani kuma shi ne komawa inda aka san shi. Ta wannan fuska littafin yana tare da labaran 1933, ko da yake garin da yake bayyanawa sabo ne.

Bayan shekara biyu sai murya ta sauya. Gasar da Kamfanin NNPC na Zariya ya shirya a ƙarshen shekarun 1970 ta fitar da littattafai uku a 1980: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. A So Aljannar Duniya, Boɗaɗo, yarinya Bafulatana, ta furta wanda take so da bakinta, ga shi kuma ba daga cikin danginta ya fito ba. A ma'aunin kunya wannan abin zargi ne, amma marubuciyar ta tsaya a bayan tauraruwarta, ta kafa hujja da cewa addini bai hana ba. Wannan dabara, watau a ɗauko ma'aunin Musulunci a ƙalubalanci ma'aunin al'ada, ita ce marubutan da suka biyo baya suka fi dogara da ita. Da ita ne zuciya ta sami hujjar da za ta tsaya a gaban jama'a ba tare da an kira ta girman kai ba.

Gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya, wadda aka buga sakamakonta a 1982, ta juya ga ɗaya gefen. A Turmin Danya, Sulaiman Ibrahim Katsina ya zana Alhaji Gabatari, attajirin da fasa-ƙwauri ya ɗaukaka, wanda ake rusuna masa alhali an san tushen dukiyarsa. Tambayar da littafin ya tayar ita ce: in jama'a ne suke ba da mutunci, to yaya ke nan in an saye idon jama'a? Daga nan tauraron labarin Hausa ya sami dalilin da zai ƙi yarda da hukuncin mutane a kansa.

6.0 Bayan Durƙushewa

Farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnatin Shehu Shagari ta kawo matakan tsuke bakin aljihu a 1982, masana'antun da suka dogara da kayan aiki daga waje suka fara rage ma'aikata. Shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Ibrahim Babangida a 1986 ya karya darajar naira. Rashin wutar lantarki da kwararowar yadin waje, musamman bayan an ɗage hana shigo da shi a 1997, suka ƙarasa masaƙu da yawa. Saurayin da ya gama sakandare ya tarar ƙofar kamfani a rufe, ta gwamnati ma haka, alhali lefe da kayan ɗaki da gara suna nan yadda zamanin yalwa ya ɗaga su. Abin da jama'a suke tsammani bai sauko ba, abin da za a cika shi da shi ne ya tafi.

Tsadar takarda ta sa kamfanonin ɗab'i sun janye daga buga sababbin labarai, sai marubuta suka koma buga littattafansu da kansu a ƙananan maɗaba'u. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, a tsakiyar shekarun 1980, yana cikin na farko. Littattafai uku daga Kano sun isa su nuna inda jigonmu ya kai.

In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, 1991, zubin Jiki Magayi ne aka sake ɗauka. Sumayya 'yar masu hali tana son Muhammad talaka, ga attajiri Abdulƙadir wanda manya suka fi karkata gare shi. Amma a nan yarinyar ce mai zuciya, ita ce ta ƙi, har ta faɗa rijiya, kuma labarin ya ƙare da nasarar masoyan. Talakan da aka raina bai nemi ramuwa ba, halinsa na kirki shi ne jarinsa. Ga dubban samarin da ba su da abin kai wa gidan surukai, wannan labari yana gaya musu cewa rashin kuɗi bai rage musu daraja ba. Brian Larkin, a nazarinsa na 1997, ya nuna yadda finafinan Indiya suka ba matasan Kano wata hanya ta tunani a kan irin wannan karo tsakanin so da umarnin iyaye. Amma matsalar kanta a gida aka haife ta, tun 1933 tana cikin zube.

Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya, daga baya ta koma karatu ta hanyar ilmin manya, ta kai jigon wurin da ba a kai shi ba a da. A Wa Zai Auri Jahila?, 1990, an cire Abu daga makaranta, saurayin da yake neman ta ya guje ta saboda rashin karatu, aka ɗaura mata aure da tsoho, Sarkin Noma. Ta gudu Kano wurin 'yar'uwar iyayenta, ta shiga makaranta, ta zama ma'aikaciyar jinya, abar girmamawa ga waɗanda suka raina ta a da. Abin lura shi ne jama'a sun ɗora mata bukatu biyu masu karo da juna: mahaifi yana ganin karatun 'ya mace zubar da mutunci ne, saurayi ɗan boko yana ganin rashinsa abin kunya ne. Birnin da ya zama tarko a Kitsen Rogo, a nan ya zama mafaka.

A Alhaki Kuykuyo Ne, shi ma 1990, Alhaji Abdu, ɗan kasuwar yadi, ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya. Rabi ta kama sayar da abinci, ta riƙe 'ya'yanta, ta aurar da 'yarta Saudatu gidan mutunci. Da gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, sai maza na dangi suka matsa mata ta koma gidansa. Ta koma, amma yanzu ita ce mai ciyarwa. Marubuciyar ba ta ba tauraruwarta cikakkiyar nasara ba, kuma a nan ƙarfin littafin yake: Rabi ta sami zuciya ta hanyar sana'a, amma mutuncin mace a idon jama'a yana nan ɗaure da ɗakin miji. An fassara littafin zuwa Ingilishi, Aliyu Kamal ne ya fassara, aka buga a Indiya a 2012.

Akwai abu guda da ya kamata manazarci ya lura da shi. A cikin duk littattafan da muka ambata babu wanda aka gina a kan rayuwar ma'aikacin masana'anta, alhali a garin masana'antu aka rubuta wasunsu aka kuma fi karanta su. Taurarin 'yan kasuwa ne, ko ɗalibai, ko masu aikin da ilmi ya ba su. Wannan ya yi daidai da abin da Lubeck ya ji daga bakin leburorin: kamfani wurin wucewa ne, ba a gina suna a cikinsa.

7.0 Mutuncin Marubutan Kansu

Jigon bai tsaya a cikin littattafai ba, ya shafi masu rubuta su. Ƙungiyar da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu suke cikin jagororinta a Kano sunanta Raina Kama, daga karin maganar nan, raina kama ka ga gayya. Sunan amsa ce ga waɗanda suke ganin mutanen da ba su yi zurfi a boko ba bai kamata su kira kansu marubuta ba. Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa wannan rubutu suna Adabin Kasuwar Kano a jaridar Nasiha a 1994, aka kuma shafe shekaru ana muhawara a jaridu, Abdalla Uba Adamu yana cikin masu kare marubutan. Bayan kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, da ƙona wasu littattafai a bainar jama'a a 2007, da taƙaddamar rajistar marubuta a 2008, tambayar ta zama ta hukuma: wa yake da ikon cewa littafi ya ɓata tarbiyya? Gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 domin mata zalla, ta nuna yadda rubutun da aka raina ya sami karɓuwa, ko da yake muhawarar tarbiyya ta bi shi zuwa intanet.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa labaran 1933 sun ɗauki ma'aunin jama'a a matsayin daidai, tauraro kuma yana ƙoƙarin cika shi ne. Labaran 1978 zuwa 1982 sun fara tuhumar ma'aunin, domin dukiyar zamanin man fetur ta gurɓata shi. Labaran bayan 1986 kuwa sun ba tauraro, musamman mace, hujjar da za ta auna kanta da ilmi da sana'a da hukuncin addini, ko da dangi sun ce ba haka ba.

Wannan yana da amfani ga mai rubuta gabatarwa. Ya kamata tun a sakin layi na farko ya faɗi kalmar da yake aiki da ita, mutunci ko zuciya, da dalilin zaɓensa, domin ra'in da aka gina a kan abin da mutum yake ji a ransa ba zai auna abin da yake hannun jama'a ba sai an yi masa gyara. Ya kamata kuma ya ambaci shekarar littafin da halin da garin yake ciki a shekarar, sa'an nan ya fayyace su wane ne jama'ar da suke tsammanin, domin mun ga a labarin Abu cewa mahaifi da saurayi ba abu ɗaya suke nema ba. Alal misali, ɗalibin da yake nazarin Alhaki Kuykuyo Ne zai fi amfanar mai karatu in ya buɗe da cewa littafin ya fito shekara huɗu bayan karyewar naira, lokacin da ciyar da gida ya gagari maza da yawa a Kano, kuma tambayar da nazarin zai amsa ita ce ko macen da ta ɗauki nauyin ciyarwa ta sami girman da yake tafiya da shi. Ma'anar adabi da ta mutunci daga ƙamus suna iya biyo baya a babin bitar ayyuka, inda za su yi aikinsu ba tare da sun tare wa mai karatu hanya ba.